Gyaran da Ya Ƙi Zama

Shekarar da na gama karatu a Yamai na dawo gida Ƙonni, na samu aiki da wata ƙungiya mai kula da lafiyar mata da ƙananan yara. Tana da ƙananan ɗakunan shan magani kusan goma, warwatse a ƙauyukan Ƙonni da Malbaza da Illela. Ni ba likita ba ce, ko allura ban iya riƙewa ba. Aikina kula da na'urori ne, kuma ni kaɗai ce mace a buron ƙungiyar, wato ofishinmu, da ke yin irin wannan aiki.

A kowane ɗakin shan magani akwai wata ƙaramar na'ura, ba ta fi rediyon tsofaffi girma ba, da allonta da madanninta. A cikinta ake rubuta sunan kowane yaro, da na uwarsa, da ƙauyensu, da nauyinsa duk ranar awo, da alluran rigakafin da aka yi masa. Kowace na'ura tana riƙe da nata kwafin rumbun bayanan gaba ɗaya. Idan rezo, wato sabis ɗin waya, ya zo sai su yi musayar abin da kowace ta samu sabo, idan ya ɗauke kowace ta ci gaba da aikinta ita kaɗai. An tsara shi haka ne saboda matanmu ba sa zama wuri ɗaya. Mace za ta yi aure a ƙasar Malbaza, ta tafi gidan iyayenta Illela haihuwa, ta dawo bayan arba'in, rani ya yi kuma a tashi a koma bakin lambun albasa. Katin asibitin yaro kuwa, wanda muke kira karne, ko gara ta cinye shi, ko ya jiƙe a wanki. Da wannan tsari, duk ɗakin da ta shiga za a ga inda aka tsaya da ɗanta.

Abu ɗaya ne ya dame mu tun farko. Na'urar ba ta yarda ta adana sunan yaro sai an ba ta rana da wata da shekarar haihuwarsa. Wadda ta fi kowa ƙorafi a kan haka wata dattijuwar ungozoma ce, mai riƙe da ɗakinmu na wani ƙauye kusa da Badaguishiri. Ta girmi mahaifiyata, don haka Inna nake ce mata. Tun ban taɓa ganinta ba na san muryarta, don kusan kowane mako sai ta kira.

"Ɗiyata," in ji ta wata rana da bazara, "injin ga naku shina son sanin abin da uwar yaro ba ta sani ba. Mace ta haihu ɗakinta, na tambaye ta yaushe, ta ce lokacin da anka yi girbin gero. Mi zan rubuta?"

Na ce, "Inna, da yaya kike yi?"

"In na ƙirƙiro rana na yi ƙarya. In ban ƙirƙiro ba, yaro bai shiga. Sai in yi mishi allura in sallame su, babu wanda zai san an yi."

Na kai maganar wurin shugaban buronmu, mutumin Dosso ne mai sanyin hali. Aka tattauna da likitoci, aka yarda a bar wata da shekara kawai, ko ma lokacin shekara: damina, kaka, ɗari, bazara. Aikin da ya rage nawa ne, kuma ba wani babban aiki ba ne. A cikin saitin rumbun, wato wurin da ake rubuta ƙa'idojin da duk na'urorin za su bi, akwai layi guda mai cewa ranar haihuwa dole ce. Na mayar da shi ba dole ba, na adana. Babbar na'urar buro ta nuna mini cewa an yi. Na gwada da sunan yaron da babu shi, na sa an haife shi da kaka, ya shiga lafiya lau. Na aika wa kowa saƙon murya cewa an gyara, na tashi na tafi gida ina jin daɗin raina.

Ruwan farko ya sauka a makon. Saƙonnin godiya suka fara shigowa daga Malbaza, daga ƙauyukan bakin hanya, har wani majo ya yi mini addu'ar samun miji nagari. Majo shi ne malamin jinya mai shugabantar ɗakin shan magani. Amma Inna da ta kira, ba godiya ta kira yi ba.

"Kin ce an gyara, na gaya ma mata an gyara. Ga su nan zaune, inji ya ƙi."

Na duba daga buro, na ga na'urarta ta karɓi sabon saitin. A rubuce yake a cikinta sarai, ranar haihuwa ba dole ba. Amma a gaban Inna tana nan tana neman rana. Na sa ta danna nan, ta danna can, har kuɗin wayarta ya ƙare. Washegari na shiga motar da ke zuwa garin Tawa. Muka wuce Tsarnawa muka karkata arewa, gonaki duk mutane sun fito shuka, maza a gaba da sungumi, mata da yara a baya suna zuba iri suna rufewa da ƙafa. A Badaguishiri na sauka na hau kabu-kabu zuwa ƙauyen.

Inna gajeruwa ce, mai tabarau da aka ɗaure ƙafarsa guda da zare. Ta riƙe hannuna ta daɗe tana dubana, ta ce ashe yarinya ce ƙarama take ta yi wa faɗa a waya. Ta sa aka kawo mini fura, ta ce ba zan taɓa inji ba sai na sha. Sannan ta kai ni ɗakin. Ban taɓa ganin na'urar da ake kula da ita kamar wannan ba. An ɗinka mata riga da atamfa, an ɗora ta kan tebur nesa da taga, babu ƙura ko ɗigo. Allon hasken rana da ke kan rufin ma kullum sai an goge shi, batir kuwa a cike yake.

Na zauna ina dubawa, sai idona ya faɗa kan wurin da na'ura ke nuna tsawon lokacin da ta yi a kunne. Na ɗauka ban gani daidai ba.

"Inna, yaushe rabon da na'urar nan ta mutu?"

"Ta mutu? Ba ta taɓa ba. Wanda ya kawo ta ya ce kar in bari ta mutu, ni ko ban bari ba. In hadari ya rufe rana, fitilar ɗakin haihuwa kaɗai nike bari, sauran duk in kashe don ita."

A nan na gane. Manhajar da ke cikin na'urorin ba ta karanta saiti sai lokacin da ake kunna ta. Ta karanta sau ɗaya, ta riƙe a kanta, ba ta sake waiwaya ba. Sauran ɗakunan, inda wuta ke ɗaukewa ko batir ya yi sanyi, na'urorinsu suna mutuwa suna tashi ba da son kowa ba, shi ya sa suka ɗauki sabuwar ƙa'ida. Ta Inna, da ba ta taɓa mutuwa ba, tana nan kan ƙa'idar ranar da aka kawo ta.

Da na ce za mu kashe ta, Inna ta dafe ƙirji. Ta tambaye ni ko sunayen yaran za su zube. Na ce ba za su zube ba, kuma ko da sun zube akwai su a sauran na'urorin. Duk da haka ba ta yarda ta danna da hannunta ba, ta juya baya tana salati har allon ya sake haske.

Akwai wata Bafillatana zaune a barandar ɗakin tun safe, da jariri a cinya. Inna ta kira ta. Aka tambaye ta haihuwa, ta ce da ɗari, lokacin da suke sauke a fadama. Inna ta zaɓi ɗari da yatsa ɗaya, ta sa shekara, ta danna. Sunan ya shiga. Ta cire tabarau ta goge, ta mayar, ta sake dubawa, sannan ta ce da matar ta miƙo cinyar yaro.

Na koma Ƙonni da yamma ina ganin magana ta ƙare. Ba a yi mako biyu ba aka fara kira. Majon wani ƙauye na Malbaza ne ya fara, ya ce jiya lafiya, yau da safe inji ya koma neman rana. Kafin azahar wasu ma sun kira. Na buɗe babbar na'urar buro, sai na ga layin da na gyara ya koma yadda yake a da: dole. Na sake mayar da shi, na bi kowa da waya ya kashe ya kunna. Aka samu kwanaki ana aiki lafiya, sai ya sake komawa. Na gyara, ya koma. Wani lokaci ya daɗe, wani lokaci kwana biyu kawai. Wani ɗakin yana karɓar yara, na maƙwabtansa yana ƙi.

Wannan lokacin ya yi mini nauyi. Damina ta kankama, zazzaɓi ya yi yawa, layin mata a kowane ɗaki ya ƙaru, ni kuma ina ƙara musu wahala. Shugaban buro ya fara tunanin ko wani ne ke shiga yana taɓawa, ya sa aka canza kalmar sirri, abin bai daina ba. Majoji suka fara zargin juna a cikin raha, amma rahar da ke da ɗan ɗaci. Majon nan na Malbaza ya ce a bar mu da takarda da biro, su ba sa canza ra'ayi. Da safe idan wayata ta yi ƙara sai in daɗe kafin in ɗauka. Mahaifiyata ta lura ba na cin tuwo kamar da, ta tambaye ni ko wani ne ya ɓata mini rai a buro. Na ce ba mutum ba ne, inji ne. Ta ƙara mini miya.

Inna ce kaɗai ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Tata na'urar, tun da ba ta mutuwa, ta zauna kan sabuwar ƙa'idar ba ta motsa ba. Takan kira ta ce, "Nan lahiya lau muke, ɗiyata. Ki ci abinci."

Wata ranar kasuwar Ƙonni, ina zaune a buro, majon ɗakinmu na wani ƙauye can cikin ƙasar Alela, a yankin Ƙonni, ya shigo. Dogo ne siriri, mutumin gabas, daga wajen Diffa aka turo shi, Hausarsa tana da ɗan kaurin harshensu. Ƙauyensa babu rezo ko kaɗan. Don haka duk lokacin da ya zo ɗaukar ruwan allura a akwatin sanyi, sai ya naɗe na'urarsa cikin tawul, ya sa a jaka, ya goyo ta a bayan moto, wato babur, ya haɗa ta da rezon buro ta yi musaya da ƴan uwanta. Ya daɗe yana yin haka, yawanci a ɗakin ajiya, ban taɓa kula ba. Ranar nan ɗakin ajiyar yana yoyo, sai ya roƙi gefen teburina.

Muka gaisa, ya kunna, ya tafi neman mai riƙe da makullin firiji. Ina aikina, na ɗaga kai na dubi allonsa haka kawai. A can ƙasan kusurwa, inda kwanan wata yake, rana daidai, wata daidai, amma shekarar ba mu kai ta ba tukuna. Ta wuce tamu da shekara biyu. Na juya na dubi babbar na'ura. Ina kallo layin nan ya koma dole.

Ban tashi ba, na zauna ina bin abin a kaina daki-daki. Ƙa'idar na'urorin ita ce, idan biyu suka haɗu saitinsu ya saɓa, wadda nata ya fi sabon kwanan wata ita ke da gaskiya, ɗayar ta bi. Na'urar majo tana ɗauke da tsohon saiti, amma da kwanan watan shekarar da ba ta zo ba. Duk gyaran da zan yi yau, a idon na'urorin tsoho ne.

Da ya dawo na nuna masa shekarar. Ya sunkuyo ya duba.

"Madam, bara ne," in ji shi. "Wata safiya na kunna, ta nuna mini shekarar da ko lakwal, makarantar boko, ban shiga ba. Sai na gyara da hannuna. Ashe yatsana ya zame."

Ɗan batirin da ke riƙe agogon na'ura ne ya mutu, wani ƙarami kamar maɓallin riga. Bayan ya gyara agogon, ya shiga saiti ya ƙara sunan wata sabuwar ruga, ya adana, duk saitin ya ɗauki wancan kwanan wata. Ranar awo da ranar allura da hannu ake rubuta su, shi ya sa babu wanda ya lura.

Fuskarsa ta canza. Ya ce, "Ke nan duk wahalar nan da mutane ke sha, ni nake ɗauko ta a bayan moto ina kawowa?"

Na ce masa batir ne ya mutu a ƙauyen da ba a sayar da irinsa, kuma manhajar ce ya kamata ta ƙi yarda da shekarar da ba ta zo ba. Ba lallashi nake ba, gaskiyar ke nan. Ni dai a ranar ji na yi kamar an sauke mini dutse daga kai.

Gyara agogonsa bai isa ba. Na kira wanda ya rubuta manhajar a Yamai, muka daɗe muna magana. Ya bayyana mini abin da ya sa gyarana yake zama na ɗan lokaci. Idan na gyara daga buro, yana goge na duk na'urar da ke kan rezo a wannan sa'a. Wadda rezonta ya ɗauke kuwa tana nan riƙe da tsohon saiti mai kwanan watan gaba, wanda ta kwasa daga ta majo. Da ta dawo kan rezo sai ta sake raba wa kowa. Yanzu ba na'ura ɗaya ke ɗauke da shi ba, kowace tana iya zama ita ce. Magani shi ne a tara su duka wuri ɗaya, a goge, a rubuta sabo, a kashe a kunna, ba tare da an bar ko guda a baya ba.

Shugaban buro ya sa ranar Lahadi, ranar da babu awo. Ya ce kowa ya zo da na'urarsa Ƙonni, ƙungiya za ta ciyar. Ranar Asabar da dare aka yi ruwa mai yawa, gari ya waye da sanyi da kukan kwaɗi. Tun hantsi suka fara isowa, wasu a motar kasuwa, wasu a moto, ƙafafun wando duk taɓo. Na'urori suka fito daga cikin buhu, daga cikin kwali, daga cikin zane. Inna ta zo da tata a cikin kwando, da rigarta ta atamfa, ta ce tun da ta kashe ta da asuba hankalinta bai kwanta ba. Yawancinsu ba su taɓa haɗuwa ba, sai dai kowa ya san rubutun kowa a cikin rumbun. Wata ungozoma daga Malbaza ta tambaya wace ce ta Badaguishiri, da aka nuna mata Inna ta rungume ta, ta ce tagwayen da Inna ta karɓi haihuwarsu bara yanzu a wurinta ake yi musu awo, har sun fara tafiya.

Na jera na'urorin kan dogon tebur na haɗa su da waya. Saura guda: ta majon Alela. Azahar ta yi bai zo ba, wayarsa ba ta shiga. Aka ci shinkafa da miya, aka yi salla, aka dafa shayi. Wasu suka fara duban sama, don wani hadarin yana haɗuwa a gabas kuma hanyarsu da nisa. Wani majo ya ce a yi ba shi, in ya zo daga baya a yi masa tasa. Na ce ana iya yi, amma in aka yi kuskure guda ta haɗu da rezo kafin a goge ta, mun koma inda muka fito. Shugaban buro ya dube ni, ya dubi mutane, ya ce a ƙara jira.

Inna ta ce, "Mu da muke jiran naƙuda, wanga jira ai ba komi ba ne." Aka yi dariya, aka sake ɗora shayi.

Bayan la'asar muka ji ƙarar moto a ƙofa. Shi ne, jiƙe har ƙugu. Ƙoramar da ke tsakaninsu da babbar hanya ta kawo ruwa, ya zauna a bakinta tun safe yana jira ta ragu. Daga ƙarshe wani manomi ya ɗora shi da motonsa a amalanken shanu ya ƙetare da su, shi kuma ya ɗaga jakar na'urar a kansa. Tawul ɗin ko ɗigon ruwa bai taɓa shi ba. Ya tsaya a bakin ƙofa yana ba da haƙuri, kamar mai jiran a yi masa faɗa. Inna ta tashi ta karɓi jakar daga hannunsa.

"Kawo nan, ɗana. Tahi ka sake tufa ka ci abinci, an aje maka."

Aikin kansa bai ɗauki lokaci ba. Na buɗe bayan na'urarsa na sa sabon ɗan batir, na daidaita agogo. Mutumin Yamai yana kan waya yana gaya mini abin da zan rubuta, na goge tsohon saitin daga kowace, na rubuta sabo. Ya kuma turo ƙaramin gyara, wanda zai sa na'ura ta ƙi karɓar duk saitin da kwanan watansa ya wuce na yau, kuma ta riƙa nuna lambar saitin da take aiki da shi a saman allo, inda kowa zai gani. Sannan na ce kowa ya tsaya gaban tasa ya kashe da hannunsa. Inna ma wannan karon ita ta danna. Aka kunna, alluna suka yi haske ɗaya bayan ɗaya, na bi layi ina karanta lambar da ke saman kowanne. Duk iri ɗaya.

Na raba musu ƙananan batura, kowa guda, na nuna musu yadda ake sawa. Aka yi sallama cikin gaggawa saboda hadari. Waɗanda ke nesa suka kwana a Ƙonni, Inna kuma na tafi da ita gidanmu, suka zauna da mahaifiyata suna hira kamar sun daɗe da sanin juna.

Tun daga lokacin na canza yadda nake aiki. Idan na yi gyara, ba na cewa an gyara don babbar na'ura ta ce an yi. Sai na bi ɗakunan ɗaya bayan ɗaya, kowa ya karanta mini lambar da ke saman allonsa, ya gwada a gabansa. Yana ɗaukar yini guda, wani lokaci fiye, amma na fi samun barci.

Ranar kasuwar da ta biyo baya majon Alela ya zo ya haɗa na'urarsa a gefen teburina, muka zauna mu biyu muna kallon layin. Bai motsa ba. Mako ya wuce, wani ya biyo, wayata ta yi shiru har na fara zargin ko ta lalace. Sai na kira majon nan na Malbaza, wanda ya ce a koma takarda da biro, don in ji ko lafiya. Ya daɗe bai ɗauka ba. Da ya ɗauka, ina jin kukan jarirai da hayaniyar mata a bayansa.

"Madam, komi na tahiya daidai," in ji shi. "Ki yi haƙuri, layi ya yi tsawo, sai an jima."

Ya kashe wayar kafin in amsa.